Rantsuwar Malam Zarami a Kan Wankan Kandi

Akwai wani magidanci a garin Haɗeja mai suna Malam Zarami. Manomin shinkafa ne a fadama, yana kuma sarin busasshen kifi idan aikin gona ya lafa. Mutumin kirki ne, wannan kowa ya shaida. Amma fa akwai kafiya. Idan Malam Zarami ya ce a'a, to ka shafa wa kanka lafiya kawai. Kuma abin yana yi masa daɗi, don a majalisarsu ta gindin darbejiya har yabonsa ake yi cewa bai taɓa janye magana ba.

Babban ɗansa, Abdulmannan, yana ajin ƙarshe a sakandare. Yaro ne mai sanyin hali, ga kai yana ja. Ya riga ya zana jarrabawar JAMB ya samu maki mai kyau, saura jarrabawar fita, sai kuma a jira sunaye daga jami'a. Duk zuri'arsu babu wanda ya taɓa zuwa jami'a, shi ake sa wa ido.

To makarantar su Abdulmannan tana da wata al'ada da ɗalibai suka gada daga yayyensu. Ranar kandi, wato ranar da aka ajiye biro a takarda ta ƙarshe, sai su rubuce rigunan juna da maka, alƙalamin nan mai kaurin tawada, su ɗunguma bakin kogi, su faɗa ruwa da yunifom ɗinsu. Wankin tawada suke kiran abin. Wanda bai shiga ba, sai an shekara ana yi masa tsiya.

Matsalar ita ce kandi a tsakiyar damina yake faɗowa. A wannan shekarar kuwa kogi ya cika ya batse, ruwa jawur yana tafe da ƙarfi, har ya fara cin gonakin gefe.

Ana gab da kandi, wata rana bayan la'asar, Abdulmannan ya kawo wa babansa saƙo a majalisa. Sai Alhaji Mustapha, abokin Malam Zarami wanda bakinsa ba ya shiru, ya dube shi ya ce, "A'a, ɗan kandi! An kusa wanka ke nan?"

Yaron ya sunkuyar da kai ya yi murmushi. Wannan murmushin shi ya tayar wa Malam Zarami da hankali.

Ya ce, "Kai, dube ni nan. Ka ga yadda ruwan nan yake bana?"

"Na gani, Baba."

"To wallahi tallahi, idan ƙafarka ta taɓa kogin nan ranar kandi, ba zan sa ka a jami'a ba. Ga shaidu nan zaune."

Alhaji Mustapha ya ce, "Haba Malam, wasa nake wa yaro, me ya kawo rantsuwa?" Malam Zarami ya ce shi dai ya gama magana.

Jama'a, mu faɗi gaskiya. Ba ƙiyayya ce ta sa shi rantsewa ba, tsoro ne. Uban da ya san kogi dole gabansa ya faɗi. Sai dai ya rasa abin da zai ɗora rantsuwar a kai sai karatun yaro.

Ranar kandi ta zo. Abdulmannan ya bi abokansa bakin kogi da niyyar ya tsaya a tudu ya riƙe musu wayoyi. Da farko ya tsaya ɗin. Amma kun san yaro da 'yan uwansa. Wannan ya yi tsalle, wancan ya yi tsalle, ana kiɗan jarka, ana kiran sunansa. Amininsa Buba yana daga cikin ruwa yana ihu, "Sarkin riƙon waya! Shekara shida muna tare, yau za ka ware?"

Bai san lokacin da ya zube wayoyin a kan ciyawa ba. Sai jin sa ya yi tsundum a ruwa.

Allah ya tsare, ba abin da ya samu kowa. Sai da ya fito yana ɗiga sannan maganar babansa ta dawo masa.

Buba ya ce, "Kwantar da hankalinka. Mu je gidanmu, ina da wani yunifom busasshe. A ɗan zana masa maka, shi ke nan. Wallahi ba mai faɗa."

Abdulmannan ya ce, "In kuma ya tambaye ni fa? In kalli idonsa in ce masa me?"

Haka ya kama hanyar gida a jiƙe, tawada ta narke ta ɓata rigar gaba da baya.

Ya tarar da babansa a zaure. Malam Zarami ya dubi rigar, ya dubi wandon.

"Ka shiga?"

"Na shiga, Baba. Ka yi haƙuri."

"To. Ka dai ji abin da na ce."

Iyakar maganar ke nan. Bai zage shi ba, bai ɗaga masa hannu ba. Mahaifiyar yaron, Ma'u, da take jin su daga tsakar gida, ta ce a ranta da ma dukansa ya yi, da ya fi sauƙi.

Daga ranar Abdulmannan ya koma gona. Da shi aka yi ta cika buhunan yashi ana tare ruwa a jinga. Da shinkafa ta fara nuna, shi ke wuni yana korar tsuntsayen jan-baki, yana kaɗa gwangwani har muryarsa ta dishe. Bai taɓa kumbura fuska ba, bai kuma ƙara tayar da zancen makaranta ba. A ransa yana fata ko Baba zai huce.

Ana cikin yankan shinkafa sunaye suka fito. Abdulmannan ya samu gurbi a jami'a a Dutse, fannin noma, abin da ya nema. Buba ma ya samu. Aka ce duk wanda bai je ya yi rajista ba kafin ƙarshen wata, an ba wani gurbinsa.

Ma'u ta samu mijinta bayan ya gama cin abinci. Da yake Abdulmannan ɗanta na fari ne, ba ta faɗin sunansa.

Ta ce, "Malam, yaron nan fa sunansa ya fito."

"Na ji."

"To ya ake ciki?"

"Ke ba ki ji na rantse ba?"

"Na ji. Amma kai da kake zama gaban malamai, ai ka fi ni sanin rantsuwa tana da kaffara. Yaro ya yi laifi, ya amsa, ya sha rana a gona. Me ya rage?"

Malam Zarami ya ture kwano. "Wato in tashi in karya maganar da na yi a gaban mutane? Gobe in ce wa ƙannensa kar su yi abu, su ce ai Baba kaffara zai yi? Ki bar maganar nan, Ma'u."

Ta bar ta, amma ranta ya ɓaci ƙwarai. Shi ma ba daɗin yake ji ba. Abinci ya daina shiga masa, majalisa ma sai ya je ya yi jugum. Amma kafiya ta hana shi motsi, wata kuma yana ta tafiya.

Ranar da Buba zai tafi, Malam Zarami yana tasha yana lodin kwalayen kifi. Yana tsugune a bayan kaya yana ɗaure igiya sai ya ji muryar ɗansa. Ashe Abdulmannan ya rako Buba, shi ya ɗauko masa jaka a ka. Yaron bai san babansa yana wurin ba.

Kawun Buba, wanda ya zo sallama, ya ce, "Kai kuma fa, Abdulmannan? An ce kai ma ka samu. Ko maganar rantsuwar nan ce har yanzu? Kai, tsohon nan naka ya cika taurin kai. Wannan ai zalunci ne, a kashe wa yaro rayuwa saboda wanka!"

Malam Zarami ya saki igiya ya kasa kunne. Ya ɗauka zai ji yaro ya fara zayyano abin da ke cikinsa.

Sai ya ji Abdulmannan ya ce, "Kawu, don Allah kar ka faɗi haka a kan Babana. Tsoro yake ruwa ya tafi da ni, shi ya sa ya hana. Ni na ƙi ji. In akwai mai laifi, ni ne."

"To karatun fa?"

"In da rabo za a yi. Bana ma gonar tana buƙatata."

Mota ta cika ta tashi. Abdulmannan ya yi ta ɗaga wa Buba hannu yana dariya har suka sha kwana. Da ya ga sun ɓace, sai ya juya wa mutane baya, ya ja wuyan rigarsa ya goge ido. Ya ɗan jima a haka, sannan ya kama hanyar fadama.

Duk a idon Malam Zarami. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba. Shi yana tsare sunansa da karatun yaro, yaron kuma yana tsare masa sunan a bayan idonsa.

Bayan azahar ya tsaya har masallaci ya watse, ya matsa kusa da limamin unguwarsu, Malam Adam.

"Allah gafarta Malam, tambaya gare ni a kan rantsuwa."

Malam Adam ya yi murmushi. "Zarami, ai tun damina nake jiran ka. Rantsuwa idan ta tare hanyar alheri, karya ta ake yi a yi kaffara, a ciyar da mabuƙata goma. Wannan ka san shi tun kana yaro. Faɗa mini abin da ya hana ka."

Malam Zarami ya sunkuyar da kai. "Bakin mutane, Malam."

"To ai kana iya aika musu da awo gidajensu, ba sai kowa ya gani ba."

Malam Zarami ya yi ta juya hularsa a hannu. Can ya ce, "A'a. A gaban mutane na ɗora wa yaron nan ita. A gabansu zan sauke."

Washegari ya auno shinkafa, ya zaɓo manyan kifi, ya ce wa Ma'u ta yi girki mai yawa, na baƙi. Ba ta tambaye shi ba. Ta dubi fuskarsa kawai ta gane. Tana tuƙa miya tana share hawaye, yara suna tambaya tana cewa hayaƙi ne.

Da la'asar aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya. Malam Zarami ya gayyato mutum goma, tsofaffin unguwa da waɗanda ambaliya ta cinye wa gona a shekarar. Abdulmannan ya dawo daga fadama da laka a ƙafa, aka ce ya wanke hannu ya fito da farantai. Ya yi ta jido su bai san na mene ne ba.

Alhaji Mustapha ya leƙa faranti ya ce, "Tabɗi! Malam, sadakar me ake yi ba a gaya mana ba?"

Malam Zarami ya gyara murya yadda kowa zai ji. "Ba sadaka ba ce. Kaffara ce. Rantsuwar da na yi a nan kan yaron nan, na karya ta."

Sai Alhaji Mustapha ya tafa hannu ya ce, "La ilaha illallahu! Jama'a ku riƙe ni! Yau Zarami ya janye magana!"

Majalisa ta kwashe da dariya. Abin da Malam Zarami ya yi ta gudu ke nan tun damina, ga shi ya zo, kuma bai ji ya mutu ba. Shi ma ya yi dariyar ya ce, "Ku yi, na ja wa kaina. Yaro ya yi wautarsa ta yini ɗaya, ni na yi tawa ta wata da watanni."

Abdulmannan yana tsaye da buta a hannu, ya kasa gaba ya kasa baya.

Babansa ya ce, "Kai kuma ka tsaya kana kallona? Zuba wa mutane ruwa su wanke hannu, ka shiga Innarka ta haɗa maka kaya. Motar safe za mu bi."

"Za mu, Baba?"

"To da wa zai kai ka?"

Yaron ya durƙusa zai yi godiya. Malam Zarami ya karɓi butar daga hannunsa, ya shiga zuba wa baƙin ruwa da kansa.

Darasi: Iyaye, ku hukunta yaro daidai laifinsa, kar ku ɗora fushin yini ɗaya a kan karatunsa da rayuwarsa. In kuma baki ya riga ya suɓuce, komawa kan gaskiya ba ya rage wa uba girma, dariyar majalisa kuwa ta ɗan lokaci ce. Ku kuma matasa, in kun yi laifi ku amsa, ku yi haƙuri, ku tsare mutuncin iyayenku a bayan idonsu. Ku tura wannan labari ga duk wanda yake da ɗa ko 'ya a ajin ƙarshe, wataƙila wani uban yana riƙe da irin wannan rantsuwar yanzu haka.