Yayen Salama

Afiniki, ke ce kika iya ba da labari, ni ban iya ba. Ke ce in karatu ya gundiri matan ƙauye sai ki rufe littafi, ki jefa musu labarin 'yan'uwa uku, ki bar su suna gardama har rana ta karkata. Yau ga ni na ari bakinki. Kin san karatuna bai yi nisa ba, shekara biyu ce kawai a makarantar Littafi Mai Tsarki, in na yi tuntuɓe ki yi mini haƙuri. Zan ba da shi kamar na wani ne, domin in na ce "ni" alƙalamin ba ya tafiya.

To jama'a, ku matso ku ji.

An yi wani saurayi mai bishara, sunansa Sila, mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Malumfashi. Wata uku da aurensa, ikilisiyarsu ta ɗora musu hannu shi da amaryarsa Afiniki, ta aike su ƙasar Chadi, wani ƙauye da ake kira Birkele. Tafiyar kwana biyar ce a mota, in hanya ta yi kyau.

Aikin ba irin wanda ake ba da labarinsa a taron ikilisiya ba ne. Da safe Sila ya hau keke ya zaga ƙauyuka, ya gyara famfon da ya lalace, ya yi wa awaki allura, in an ba shi tabarma ya zauna ya karanta abin da ya sawwaƙa. Ranar Lahadi su goma sha ɗaya ne a rumfa, har da yara. Ita kuwa Afiniki gindin tsamiya ne wurinta. Tana koya wa mata haɗa sabulu, da haɗa ruwan gishiri da sukari na masu gudawa, tana koya musu karatu da harshensu, harshen da ita kanta ba ta gama iyawa ba. Maƙwabciyarsu Ashta, Musulma ce, ita ce kan gaba wajen yi mata dariya. Takan ce, "Malama, kin zo koya mana karatu, ko kin zo mu koya miki magana?" Afiniki ta ce, "Duka biyun. Zauna, allonki na jiranki."

Da ciki ya kai wata biyar, uwar Afiniki ta aiko daga gida: haihuwar fari a ɗakin uwa ake yin ta, a kawo mata 'yarta. Sila bai ƙi ba. Sai dai mata shida sun kusa sauke littafin farko, kuma ya riga ya rubuta wa ikilisiya cewa za su yi karatu a gaban jama'a. Ya ce a bari wata ya ƙare. Wata ya ƙare, ya ce a ƙara mako biyu.

Tsakanin Birkele da babbar hanya akwai wata ƙorama, busasshiya, rairayi ne zalla. Ashta ta same shi yana ɗaure kaya a keke ta ce, "Malam, ka fitar da matarka kafin ƙorama ta farka." Sila ya ɗaga kai ya dubi sama. Shi ɗan manomi ne, ya san hadari tun yana goye. Ya ga sama tas, ya ce akwai sauran lokaci. Abin da bai sani ba, ƙoramar Birkele ba ta jiran hadarin Birkele. Ruwan da aka yi a duwatsu masu nisa shi ke gangarowa, rana tsaka, babu ko ɗigo a kan rufin kowa. Wata Talata aka wayi gari ta cika ta batse, mota ba ta shiga, mota ba ta fita. Ranar Juma'a naƙuda ta kama Afiniki, ciki yana wata bakwai.

Ta farko a cikin mata ukun da zan ba ku labarinsu ita ce Mama Damaris. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce daga Filato, 'yar mishan, shekara ashirin da shida tana riƙe da ɗan ɗakin shan magani a hayin ƙoramar. Mijinta ya rasu tuntuni, Allah bai ba ta haihuwa ba. Sila ya yi iyo ya haye, ya same ta tana wanke wa wani gyambo. Ba ta iya ruwa ba, ga shekaru sittin da 'yan kai. Ta ɗaure jakarta a ka, ta rungumi gora, ta ce, "Ɗana, ka ja ni. In na nutse ka ceci jakar." Da la'asar suka iso. Yarinya ta faɗo shiru, jiki ya yi shuɗi, ba ta fi tafin hannu biyu ba. Matan da ke ɗakin har sun ɗauko ƙyallen rufe ta. Mama Damaris ta kafa bakinta a kan hanci da bakin jaririyar, tana hurawa tana murza ƙirjin da yatsa biyu, tana hurawa, har aka ji wani ɗan kuka kamar na ɗan kyanwa.

Uwar kuwa jini ya ƙi tsayawa. Duk abin da ke cikin jakar an gwada. Kafin rana ta faɗi Afiniki ta buɗe ido ta ce, "Mace ce?" Sila ya ce mace ce. Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Ka nema mata uwa, Malam. Kai ko kunu ba ka iya damawa ba." Shi ke nan maganarta ta ƙarshe. A bayan tsamiya aka sa ta. Aka raɗa wa yarinya suna Salama.

Mama Damaris ba ta koma ba. Ta ɗaure bakwainiyar a ƙirjinta, fata da fata, cikin riga, kwana arba'in. A zaune take barci. Marasa lafiya suka riƙa biyo ta Birkele, tana duba su da yarinya a ƙirji. Tarin da ta ɗauka a cikin ruwan nan har yau bai sake ta ba. Ba don numfashinta ba, da kabari biyu aka haƙa ranar.

Ta biyu ita ce Ashta. Numfashi ya samu, amma ciki fa? An gwada nonon akuya, yarinya ta amayar. Madarar gwangwani tana hayin ruwa, can birni. Ashta tana goyon ɗanta Idrisa, ɗan wata huɗu. Kwana biyu da rasuwar ta shigo ba sallama, ta zauna, ta ce a miƙo mata ƙoƙo. Yarinyar ba ta da ƙarfin tsotso, don haka tatsa take yi ana ɗura mata da cokali, sau takwas, sau goma a yini, har ta iya kama nono da kanta.

Kada ku ɗauka abu ne mai sauƙi. A wurinsu wanda ya sha nonon mace ya zama ɗanta har abada, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, gidansa da gidanta sun ƙullu. Uwar mijinta ta ce ta ɗaura musu zumunta da baƙin da ba a san asalinsu ba, masu wani addini. A bakin famfo mata suka riƙa ce mata uwar 'yar coci. Ashta ta ce, "Cikin jariri bai san alƙibla ba." Ga shi lokacin rumbu ya yi ƙasa, nono ɗaya baki biyu. Idrisa ya rame har wuyansa ya fito, ita kanta zane ya daina zama mata a ƙugu. Ba ta fasa ba. Watanni ashirin da biyu ke nan. Kalmar farko da Salama ta furta da harshen Birkele ta furta ta, kuma da ita ta kira Ashta. Ba don nononta ba, da numfashin Mama Damaris bai kai mako ba.

Ta uku ita ce Biriskila, yayar Afiniki, uwa ɗaya uba ɗaya. A nan sai na faɗi laifin Sila na biyu. A bayan Birkele akwai wani tudu, nan kaɗai waya take kamawa. Sau uku yana hawa don ya sanar da gida. Sau uku yana danna lambar surukarsa, in ta fara ƙara sai ya kashe. Me zai ce wa matar da ta aiko tun ciki na wata biyar? Mama Damaris ta ɗauka ya faɗa. Gida kuma suka ɗauka damina ce ta yanke waya.

Da kaka ta yi, lissafin wata tara ya cika, ruwa ya janye. Biriskila ta bar dawarta a tsaye a gona, ta bar 'ya'yanta uku wurin kakarsu, ta ɗauro kayan jego: kanwa, yaji, garin kunu, da zanen goyo da uwarsu ta aiko. Ta shigo Birkele da kaya a ka, tana kiran ƙanwarta da sunan wasa tun daga bakin tsamiya. Ba wanda ya amsa. Ashta ce ta kama hannunta ta zaga da ita baya. Biriskila ta sauke kayan a kan kabarin, ta daɗe a tsaye. Da ta juyo ta dubi Sila ta ce, "Malam, ko kaza ce ta mutu ai a aika wa mai ita."

Kwana tara da zuwanta zazzaɓi ya kama Salama. Tafin hannunta ya yi fari fat kamar takarda. Mama Damaris ta ce wannan ya fi ƙarfin jakarta, suka ɗunguma asibitin birni. Likita ya ce jini ya ƙare, sai an ƙara, yau ba gobe ba. Aka gwada na Sila, uban da ya haife ta, bai dace ba. Aka gwada na Mama Damaris, aka gwada na Ashta, bai dace ba. Biriskila, wadda tun tana yarinya in ta ga allura sai an danne ta, ga gajiyar hanya, ga makoki ko abinci ba ta iya ci, ta miƙa hannu ta kau da kai. Nata ya dace. Washegari kafin azahar leɓen yarinya ya yi ja. Biriskila ta zauna wata uku tana jinya, dawarta kuwa shanu suka cinye a gona. Da za ta tafi ta ce, "Ranar yaye zan dawo in ɗauki 'yata. Inna ba ta ga gawa ba, a bar ta ta ga jika." Ba don jininta ba, da numfashi da nono duk sun tashi a banza.

Yanzu yaye ya zo, Biriskila ta dawo. Ga su su uku a tsakar gida ɗaya, ba mai faɗa da wata, tare suke tuƙa tuwo. Kowace ta faɗi tata sau ɗaya.

Mama Damaris ta ce, "Ban taɓa roƙon kowa komai ba, ɗana. Zan sa ta makaranta, zan koya mata addu'ar uwarta." Gaskiya ne. Amma tana tari, kuma shekara biyu ko uku suka rage a sallame ta ta koma gida.

Ashta ta ce, "Baban Salama, kai ka riƙa gaya mana a rumfa cewa mu duka gida ɗaya ne. Nonona ya yi, gidana ne bai yi ba?" A wurinta yarinya za ta tashi kusa da kabarin uwarta, da ɗan'uwanta Idrisa. Amma za ta tashi da salla ba da waƙar coci ba, ikilisiyar gida kuma za ta ce mai bishara ya ba da 'yarsa. In kuwa ya hana ta, Birkele ta gama gane abin da wa'azinsa yake nufi.

Biriskila ta ce, "Mun ba ka ɗaya, Malam, ba ka dawo mana da ita ba." A wurinta akwai dangi, akwai harshen uwarta, akwai tsohuwar da ke zaune a ƙofar ɗaki tana jira. Amma kwana biyar ne a mota, yarinya ba ta san kowa a can ba, in ta farka sunan Ashta za ta kira, ba mai amsawa.

Wani zai ce, to shi uban ya riƙe abarsa mana, duk su riƙa zuwa. A nan ne labarin ya ƙi zama na wani, Afiniki. Ba zan iya ci gaba da zama a Birkele ba. Duk ranar da na tura keke a cikin rairayin ƙoramar nan sai in tuna ranar da ta cika, in juyo da baya. Watanni huɗu da suka wuce na rubuta wa ikilisiya da hannuna, na roƙa a tura ni arewa wurin makiyaya, masu tashi yau nan gobe can, inda ba a zuwa da ƙaramin yaro. Amsa ta zo, sun yarda. Bayan Ista zan tashi. Takardar tana cikin Littafinki Mai Tsarki, a inda kika bar tsinken tsintsiya. Matan nan shida kuwa sun sauke littafin, Ashta ce ta ƙarasa da su, ban iya zuwa na ji ba. Abu ɗaya kika roƙe ni, in nema mata uwa. Ga uku Ubangiji ya kawo, na rasa bakin da zan ce wa biyu su yi haƙuri. Maganar tafiyar ma ban faɗa wa kowa ba tukuna, ke ce ta farko.

To jama'a, ku da kuka fi ni shekaru da hankali: wadda ta hura mata numfashi, da wadda ta shayar da ita, da wadda jininta ke gudana a jikinta, a bayan wace ce a cikinsu ya kamata a ɗaura Salama ranar yaye?