Inda Tsawon Marka Ya Tafi

Ku matso kusa, ku gyara zama. Ga wata nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta iso, Iya, mu saurara.

To. An yi wani gari a kan tudu, rijiyarsa kuwa tana can ƙasa cikin kwari. Da can jakuna ke hawo da ruwa, su hawo da itace, su hawo da dammunan dawa. Ana nan, ana nan, sai mai garin, wani dogon mutum ana ce masa Barmo, ya tara magidanta ya ce, "Jaki sai an ba shi dusa, sai an ba shi harawa. Yaro kuwa ko ya yi aiki ko bai yi ba, sai ya ci tuwo. Me ya sa muke ciyar da baki biyu?"

Magidanta suka ce, "Wallahi gaskiyarka, mai gari." Ku ji mini wayo! Aka kwance jakuna, aka kora su daji.

Daga ranar, duk yaron da haƙorinsa na fari ya faɗi, sai ubansa ya naɗa masa gammo, ya ɗora masa tulu. Da safe ruwa, da rana itace, da yamma dawa. Babu wasa, babu zama gaban malam, abinci ma a tsaye.

Sai yaran garin suka daina girma. Ka ga saurayi har gemu ya fara tsiro masa, amma bai wuce turmi ba. Iyaye su duba su ce, "Yaran yanzu, ba su da jiki." A gefe guda kuma, bakin hanyar rijiya, giginyu suka yi ta fitowa, dogaye, dogaye, ba wanda ya shuka su.

Akwai wata yarinya, sunanta Marka. 'Yar kawunta da ke wani gari, wadda aka haife su damina ɗaya, har ta kai kafaɗar uwarta, ita kuwa Marka tana nan kamar tulun da take ɗauka. Tana da ƙane, Nomau, tana sonsa kamar me. Wata safiya Nomau ya zo da murna ya ce, "Yaya, duba, haƙorina na rawa!"

Marka ta ja shi gefe. Ta ce, "Rufe bakinka. Kada ka ci gyaɗa, kada ka ci rake, kunu kaɗai za ka riƙa sha."

Ran nan kuma mai shela ya zaga gari: mai gari zai gina soro, jibi duk magidanta su fito da gatura, a sare giginyun nan a yi azara.

Marka ta ɗauki tulunta ta gangara, tana waƙa a hankali:

Tsawona, tsawona, ina ka tafi?
Gammo a kaina, tulu kan gammo,
Haƙorin ƙanena yana rawa.

Sai wani ƙadangare a kan dutse ya gyaɗa kai ya ce, "'Yan mata, ni ban san inda ya tafi ba. Amma cikina a ƙasa yake, kullum in kun wuce ina jin wani abu yana tsiyaya daga ƙafafunku yana shiga ƙasa. Tambayi jaki."

Ta ratse cikin daji tana waƙarta. Ta tarar da wani tsohon jaki, ya yi ƙiba, yana birgima abinsa. Jaki ya ce, "Ni ma ban san inda ya tafi ba. Amma mu, a gadon baya ake yi mana lodi, kuma ba a taɓa ɗora wa ɗan jaki kaya sai bayansa ya yi ƙwari. Ku kuwa a ka ake danne ku. Tsawo ta sama yake fita, in an toshe masa sama ai sai ya nemi wata hanya. Tambayi giginya."

Ta komo bakin hanya tana waƙarta. Iska ta kaɗa, sai ta ji wata giginya na kiran sunanta. "Marka, Marka, ɗago ki dube ni."

Marka ta ce, "Yaya zan ɗago, ga tulu a kaina?"

Giginya ta ce, "Shi ya sa ba ki taɓa ganina ba. Ni ce tsawonki. Waccan ta Tunau ce, waccan ta Delu, kowane yaro da tasa. Ajiya muke yi muku. In aka sare mu, shi ke nan, haka za ku tsufa."

Hawaye suka zubo wa Marka. Can ta ce, "Yaya zan karɓi ajiyata?"

"Hannun da ya ɗora miki kayan nan, shi zai sauke miki, a nan gindina. Kada a yi masa dole, shi da kansa."

Marka ta bi yara ɗaya bayan ɗaya a bakin rijiya, ta raɗa musu magana a kunne.

Jibi ta yi. Magidanta suka gangaro da gatura, aka tsaya wasa su a kan dutse, rana kuwa ta take. Ƙishirwa ta kama su. Mai gari ya ce, "Ina yaran nan da ruwa?"

Ga yara can, kowa da tulu cike a ka, kowa ya tsaya gindin giginyarsa, ba mai motsi.

Uban Marka ya ce, "Ke Marka, kawo ruwa."

Ta ce, "Baba, wuyana ya ƙage. Zo ka sauke ni."

Ya ce, "Ke, kawo ruwa na ce!"

Ta ce, "Baba, in na sunkuya zai zube. Zo ka sauke ni."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, maƙogwaro ya bushe, murya ta ƙi fita. Marka ta ce a hankali, "Baba, ko baƙuwa ce ta ce a sauke ta, ai ana sauke ta."

Kunya ta kama shi. Ya ajiye gatari, ya je ya kama tulu da hannu biyu. Da ya ɗaga, sai da ya yi nishi saboda nauyi. Ya ce, "Kai! Marka, da wannan kike hawa tudu?"

Ta ce, "Kullum, Baba."

Ya dire tulun, ya cire gammon, ya ga tsakiyar kanta ko gashi babu. Bai sha ruwan ba. Ya tsuguna ya ɗora tafin hannunsa a wurin, ya ce, "Yafe mini, 'yata."

Tim! Sai ɗan giginya nunanne ya faɗo gabanta. Marka ta zauna, ta ci, ta ci, ta ƙoshi. Giginya ta fara yin ƙasa, Marka ta fara yin sama. Giginya na ƙasa, Marka na sama, har giginya ta shige ƙasa, Marka ta miƙe ta kai kafaɗar ubanta.

Nan fa gatura suka zube. Wannan ya ruga wurin ɗansa, wannan wurin 'yarsa. Tim, tim, tim, ko'ina faɗuwa ake. Kafin la'asar hanya ta cika da samari da 'yan mata, suna dariya, riguna sun ɗage musu har cibiya.

Saura giginya ɗaya. A gindinta wani maraya ne, Cindo, yana tsaye da tulunsa, ubansa ya daɗe da rasuwa. Ya ce, "Ni wa zai sauke ni?"

Sai mai gari Barmo ya tako ya ce, "Ubanka ya naɗa gammon, amma bakina ne ya ɗora muku kayan, ku duka." Ya sauke shi da hannunsa. Tim!

Mai gari bai sami azara ba, ya haƙura da ɗakin ciyawa. Aka je daji aka ba jakuna haƙuri. Tsohon jakin ya ce za su dawo, amma a ƙara dusa. Yara kuwa safiya ta zama ta karatu, yamma ta wasa, aikin gida kowa daidai ƙarfinsa.

Ran da suka koma gida, Marka ta miƙa wa Nomau rake ta ce, "Ci abinka." Ya gatsa, haƙori ya faɗi. Uban ya ɗauko gammon da ya riga ya naɗa masa, ya warware shi, ashe tsumma ne mai kyau, aka ɗinka wa Nomau ƙwallo da shi.

To kun ji. Yaro ba jaki ba ne, a ba shi ya ci, a bar shi ya yi wasa, a kai shi ya koya, kaya kuma sai wuya ya yi ƙwari. In kuka je wani gari kuka ga giginya doguwa tsaye a bakin hanya, ku duba da kyau, wataƙila akwai yaron da har yanzu yake jira a sauke shi.

Ƙurunƙus, kan ƙadangare. In kun ce ƙarya na yi, ga jaki can a turke, ku je ku tambaye shi.