Me Ke Cikin Gorar Nan?

An yi wani mutum a nan ƙasar Gwarzo, ba zan kama sunansa ba, don yana raye, kuma danginsa suna cikin sahun da muke sallah. Sana'arsa sayar da maganin feshi: na ciyawa, na ƙwari, na tsutsar masara, da wanda ake sa wa wake in za a ajiye shi. Yana da rumfa a kasuwa, in ranar kasuwar Getso ta zo kuma ya ɗaure kaya a babur ya tafi. Sana'a ce ta halal, manomi yana bukatarta. Inda mutumin nan ya ɓata rawarsa da tsalle shi ne wajen mazubi.

Ya 'yan uwa, duk wanda ya taɓa ɗaukar galan ɗin maganin feshi ya san yadda yake fitowa daga kamfani. Roba ce mai kauri wadda ba ta yoyo. Murfinta da ƙarfi, kuma akwai 'yar takarda liƙe a bakin, in an ɓalle ta ka san an riga ka buɗewa. A jikin galan an rubuta sunan maganin, da abin da yake kashewa, da yawan da za a zuba a tankin feshi, da ranar da zai daina aiki. Ga hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa, saboda wanda bai yi boko ba ya gani ya ja da baya. Can ƙasa kuma an rubuta abin da likita zai yi idan tsautsayi ya sa wani ya sha.

Kuna tsammanin ado aka yi wa galan ɗin? Kuna tsammanin waɗanda suka yi shi tawada ce ta yi musu yawa?

To shi mutumin namu haka yake gani. Cewa yake, "Manomi magani ya zo saya, ba roba ba." Sai ya shiga tara gorunan lemo da na ruwa waɗanda aka sha aka yar, a tasha da gidajen biki. Ya samu mazurari, ya zauna a bayan rumfa yana tsiyaya guba a cikin gorar da jiya yaro ya kafa wa baki.

Da farko yana da hujja. Ƙaramin manomi ba ya iya sayen galan guda, kaɗan yake so. Wannan gaskiya ne. Maƙwabcinsa a kasuwa, wani dattijo mai sayar da iri, Malam Haladu, ya ce masa, "To ɗana, ai akwai ƙananan kwalaben kamfani, ka riƙa saro su. In kuwa ka ƙi, ko takarda ce ka liƙa, ka rubuta sunan abin da ka zuba."

Ya yi dariya ya ce, "Baba, takarda ai ta mai mantuwa ce. Ni da kala nake gane kayana."

Da kala! Ku ji fa, don Allah. Gubar da za ta iya kashe bijimin sa, wai da kala.

Shi saɓo ba ya tsayawa inda ka ajiye shi. Da ya ga gora ba ta magana, sai ya fara sirka maganin da ruwa. Da ya ga ba wanda ya gane, sai ya riƙa shiga Kano yana kwaso wanda wa'adinsa ya ƙare, wanda ake neman kai da shi. Ya dawo ya juye, ya kankare takardar galan da wuƙa, ya sayar da galan ɗin ma ga mata masu man gyaɗa. Daga ƙarshe ya samu wata jarka, duk guntun da ya rage a gindin kowane galan sai ya tuttule a ciki, na ciyawa da na ƙwari da wanda shi kansa ya manta ko na mene ne. Ya raɗa wa wannan haɗin suna gama-gari, yana cika gora da shi yana jerawa cikin sauran.

Wani manomi daga Dugabau, Gali, ya sayi gora guda a kan maganin ƙwari ne. Ya fesa wa wakensa yana tsakiyar fure. Kafin a ce me, gonar ta ƙone ƙurmus kamar an bi ta da wuta. Bawan Allah ya zo kasuwa da gorar a hannu, ya ce, "Malam, ka kashe ni. Abincin gidana ke nan na bana."

Mutumin ya karɓi gorar ya juya ta, ya miƙa masa abinsa. Ya ce, "Wannan ai gorar lemo ce. Ni lemo nake sayarwa? Nuna min sunana a jiki."

Gali ya duba, babu. Ba sunan mai sayarwa, ba sunan magani, ba sunan kamfani. Wa zai kai ƙara, da wace shaida? Ya juya yana share ido, ya ce ya bar shi da Allah. Shi kuwa gogan naku har da ba abokai labari da yamma, ana shewa, wai ya iya kasuwa.

A gidan mutumin nan akwai mahaifiyarsa, Inno. Tsohuwa ce mai haƙuri, ciwon yana ya rufe mata ido, ba ta ganin komai sai dishi-dishi. Da hannu take gane kayanta. Tana fama da ciwon ƙafa, ana haɗa mata jiƙon saiwoyi, matar ɗan nata Badi'a ta tace ta zuba mata a gorar lemo ta ajiye a gindin gado. Kullum da hantsi Inno za ta laluba ta ɗauka ta kurɓa. Ɗanta ya san da haka. Shi yake sayo saiwoyin. Kuma, a yi masa adalci, yana son uwarsa. Ba ya fita kasuwa sai ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ta sa masa albarka.

Badi'a ta sha gaya masa, "Malam, don girman Allah kada gorunan nan su shigo gidan nan. Ga yara, ga Inno ba ido." Ya ce mata ita dai ta ji da tukunyarta.

Ana nan sai labari ya bazu a kasuwa cewa jami'an hukuma za su zo duba masu maganin feshi. Mai gaskiya ya zauna a rumfarsa yana jan carbi. Shi kuwa bai tsaya wata-wata ba. Ya kwashe gorunan nan kaf ya zuba a buhu, ya ɗaure a babur, sai gida.

Badi'a ta tare ƙofar ɗakinta ta ce ba dai nan ba. Ya tsaya a tsakar gida yana dube-dube, sai dabara ta faɗo masa. Wa zai shiga ɗakin tsohuwa bincike? Ya ja buhun ya kai ɗakin Inno ya jingine a gindin gado.

Ta ji motsi ta ce, "Wane ne?"

Ya ce, "Ni ne, Inno. 'Yan kaya ne na ajiye."

Ta ce, "To, Allah ya yi albarka."

Haba! Haba, bawan Allah! Bakinka ciwo yake da ba za ka ce mata guba ce ba? Kalma ɗaya ce fa. Amma ina, kunya yake ji uwarsa ta san abin da yake ɓoyewa. Bai ji kunyar Allah ba, ya ji ta tsohuwar da ba ta gani.

Washegari da safe wani mai saye ya biyo shi har gida. Gogan ya shiga ɗakin Inno, ya kwance buhun, ya zaro gora biyu ya ɗaga su a haske. Ya zaɓi ɗaya, ya dire ɗayar a ƙasa, ya fita yana sauri kada ciniki ya wuce shi. Daga zaure ya zarce kasuwa.

Hantsi ya yi. Inno ta miƙa hannu inda ta saba, ta taɓa gora. Tsawon ɗaya, murfin ɗaya. Ta buɗe ta yi bisimilla. Ta ji wari, ta ji ɗaci, amma wanda ya saba shan jiƙo ɗaci ba ya ba shi tsoro. Magani ai ba zuma ba ne. Ta runtse ido ta haɗiye, ta ƙara.

Ihun Badi'a ne ya tara maƙwabta. Aka kira shi a waya, ya baro rumfar a buɗe. Ya tarar da uwarsa kwance tana amai, gumi ya jiƙa ta, numfashi yana sarƙewa. Aka sa ta a mota sai asibiti. Badi'a ce ta yi hankalin ɗauko gorar.

Likita ya fito da sauri ya ce, "Me ta sha? Ku ba ni mazubin."

Aka miƙa masa. Ya juya gorar yana neman rubutu. Akwai rubutu kuwa, na masu lemo: hoton lemon zaƙi, da shawarar a sha da sanyi.

Likita ya ce, "Wa ya zuba wannan?"

Mutumin ya ce, a hankali, "Ni ne."

Likita ya ce, "Alhamdu lillahi. To faɗa min, na ƙwari ne ko na ciyawa? Wane iri? Kowanne da yadda ake tunkararsa, wani ma akwai allurar da ke karya shi. Yi sauri, Malam, lokaci muke bi."

Ya karɓi gorar. Ya ɗaga ta wajen taga, shi mai gane kaya da kala. Ba koriya ba ce, ba ruwan ƙasa ba ce, ba fara ba ce. Gama-gari ne. Ya shiga lalube a kansa: me da me ya tuttule a jarkar nan tun farkon damina? Galan nawa? Takardunsu duk ya kankare da wuƙarsa, galan ɗin kuma suna ƙauyuka cike da man gyaɗa.

Likita ya daka masa tsawa, "Kai ka sayar, kai ka zuba! Me ke cikin gorar nan?"

Ya buɗe baki ya ce, "Ban sani ba."

Likita ya yi iya abin da zai iya, yana bin alamun da ya gani a jikinta. Ya tare wani abu, wani ya ɓullo. Inno ta ɗan kwana biyu tana shan wahala, maƙogwaronta ya ƙone, ko ruwa ba ya wucewa. Ɗan nata yana tsugune a bakin ƙofa, ya kasa shiga ya kasa tafiya. Kafin ta cika ta jawo hannun Badi'a, ta ce da 'yar muryar da ta rage mata, "Ki ce masa kada ya sa wa ransa damuwa. Idona ne, ni ce ban duba ba."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta duba me? Me ya bar mata a jikin gorar da za ta duba, ko da idonta garau yake?

Aka yi jana'iza. Cikin waɗanda suka ɗauki makara har da Gali na Dugabau. A zaman makoki ba wanda ya yi wa ɗan nata tambayar da aka saba, ta me ya same ta, don kowa ya sani. Rumfar ba ta sake buɗuwa ba. Yanzu in ka gan shi ba za ka gane shi ba: ya rame, ya zama shiru-shiru, yana tafe yana magana shi kaɗai. Ɗakin Inno yana nan a kulle, ba ya iya bi ta ƙofarsa.

Ya 'yan uwa, ajali na Allah ne, ba mu musu. Amma sababi a wuyan wani yake rataya. Kada wani ya kawo min zancen tsautsayi. Dattijo ya yi masa magana, manomi ya yi masa kuka, matarsa ta roƙe shi. Wanda bai ji bari ba ai zai ji hoho.

Mazubi amana ne. Shi ke tsare kaya kada su lalace, shi ke tsare mutane daga sharrin kayan. Rubutun da ke jikinsa kuma shaida ce, yana magana a madadinka a inda ba ka nan: a gona, a ɗakin tsohuwa, a gaban likita. Wanda ya zuba guba a gorar lemo ya sa gora ta yi shaidar zur, kuma shi za a tambaya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya mana mai algus ba ya cikinmu. Wane algus ya wuce ka sa wa mutuwa rigar abin sha?

Kuma kada ku zauna kuna girgiza kai kamar labarin wani ne can. Na gaji da gani! Wa ke zuba kananzir a gorar ruwa ya ajiye kusa da randa? Wa ke ɗauraye jarkar feshi ya ba iyalinsa su zuba mai? Wa ke ɗura garin tuwo a buhun taki? Kai kuma mai saye, da ake miƙo maka gora ba suna ba kwanan wata ka karɓa don ta fi araha, har ka rataye ta a ɗakin da 'ya'yanka ke kwana, me za ka ce wa likita in an tambaye ka?

Yau ɗin nan, kafin ku ci abincin dare, kowa ya zagaya gidansa. Abin da yake guba ya zauna a mazubinsa na asali, da murfinsa da takardarsa, a sama inda hannu ba ya kaiwa. Abin da ba ku san ko mene ne ba, ku fitar da shi daga gidan. Ɗan kasuwa kuma ya sayar da kaya yadda za a san mene ne, a san daga hannun wa ya fito.

Allah ya jiƙan Inno, ya sa wahalar da ta sha ta zama kaffara. Shi kuma ɗanta Allah ya karɓi tubarsa, don nauyin da ya ɗauka ba wanda zai sauke masa sai Shi. Ya Allah kada ka sa hannunmu ya zama sanadin halakar waɗanda muke so. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye iyayenmu da zuriyarmu. Amin.