Maganar da Aka Cire wa Suna

An yi wani Sarkin Ruwa a wani garin masunta, sunansa Maidabo, mutum ne wanda ba ya yarda da labari sai ya juya shi ciki da bai. A zamaninsa kifi ya yi ƙaranci, sai wani masunci mai suna Makau ya ce a rufe tafkin gari har kifi ya hayayyafa.

Ɗankande, mai taru mafi yawa a garin, ya ce wannan tsattsauran ra'ayi ne. Kafin ka ce me, sunan ya manne wa Makau. Wanda ya gaishe shi a kasuwa sai a bi shi da ido, maƙwabci ya daina sakin baki gaban maƙwabci. Ƙarshe aka kai ƙara, a kore shi daga garin, a ƙwace jirginsa.

Zuciyar Sarkin Ruwa ba ta kwanta ba, don ihun ya fi laifin girma. Al'adar fadarsa kuwa, duk abin da aka faɗa sankira ne ke maimaitawa da ƙarfi, kuma tsohon sankiran ba ya mantuwa. Ranar sauraron ƙara, Sarki ya yi masa raɗa, sai sankiran ya miƙe ya maimaita wata tsohuwar magana: "A rufe tafki, a ƙona duk taru mai ƙananan ido, mai shi kuma a kore shi!"

Sarki ya ce, "Ɗankande, me ka gani game da mai wannan magana?"

"Ranka ya daɗe, ai shi ne muke faɗa. Mai wannan baki bai kamata ya kwana a garin nan ba."

Sarki ya ce, "Makau rufe tafki kawai ya nema. Wannan maganarka ce, a nan ka yi ta, shekarar da ba ka gaji tarun kawunka ba tukuna. Hukuncin daga bakinka ya fito. Ko ka ɗaure kayanka yau, ko ka janye shi daga kan kowa."

Nan take Ɗankande ya janye. Makau ya koma ga jirginsa, aka zauna kan zancen tafki, wanda tun farko shi ne zancen.

In ka ji an laƙaba wa mutum suna, cire sunan ka auna maganar, sannan ka duba abin da mai laƙabawar ke tsoron rasawa.