Jatau Da Rijiyar Baƙi

An yi wani mutum a wani gari, da can, wani bawan Allah ana ce masa Jatau. Manomi ne, ba malami ba, ba mai sarauta ba. In ana taro a ƙofar mai gari, can baya yake zama wajen takalma. Gonarsa tana bakin burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa rafi. Kowace kaka in ya kwashe amfani, sai wani Bafillace, Arɗo Giɗaɗo, ya sauka da garkensa a gonar. Shanu su ci kara, su bar taki. Haka suka tarar iyayensu na yi.

Wata shekara shanun Arɗo suka ƙwace tun ba a yi girbi ba, suka cinye gefen dawar Jatau. Arɗo ya zo da kansa, janye da maraƙi, kunya ta ishe shi. Jatau ya ce, "Arɗo, mai da maraƙinka. Harshe da haƙori ma ana saɓawa. Bana ka daɗe mini a gona, taki ya biya." Magana ta mutu a nan.

To, ku saurara. Ana nan sai aka ji wata ƙungiyar agaji daga ƙasar waje tana zagaya ƙauyuka. Inda suka ga manoma da makiyaya na shirin faɗa a kan ruwa, sai su haƙa rijiyar burtsatse, su gina mashayar dabbobi, don a kashe wuta tun ba ta kama ba. Niyyar ba laifi. Sai dai ba kowane gari suke yi wa ba, sai wanda rikicinsa ya fi zafi. Garin su Jatau kuwa ƙishi ne da su na gaske, da rani mata sai sun yi tafiya mai nisa kafin su cika tulu. Amma ba su da rikici. Kun ji abin takaici, zaman lafiya ya zama musu abin da zai hana su samu.

Sai wakilin mai gari, ana ce masa Gambo, ya taka har ƙofar Jatau, alhali a da bai taɓa amsa wa Jatau gaisuwa da baki biyu ba.

Ya ce, "Malam Jatau, kai ne za ka fitar da garin nan. In baƙin sun zo, ka ce Fulani sun cinye maka gona, sun zare maka takobi, jini ya kusa zuba."

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, gona sun ci, amma takobi ban gani ba. Kuma mun shirya."

"Wa ya tambaye ka shiri? Magana ce kawai, su rubuta su tafi."

"Su za su tafi, ranka ya daɗe. Ni da Arɗo muna nan. In ya ji na ce ya zare mini takobi, da wane ido zan dube shi? In samarinmu suka ji, me za su yi wa rugarsa?"

Wakili ya tashi yana huci. A cikin gida ma bai tsira ba. Matarsa Kande ta ce, "Malam, dubi kaina, ya yi kanta saboda tulu. Kalma ɗaya ce fa." Wannan ta fi ta wakili ciwo, domin ita gaskiya ta faɗa. Amma Jatau bai canja maganarsa ba.

Ranar taro baƙi suka zo da tafintansu. Aka jawo Jatau daga wajen takalma, aka zaunar da shi gaba kan tabarma. Shugabar baƙin ta sa aka tambaye shi ko yana tsoron makiyaya. Ku saurara da kyau ku ji amsarsa. Ya ce, "Ƙishi muna da shi. Faɗa ba mu da shi. In kuna ba da ruwa saboda ƙishi, ga mu."

Baƙi suka yi godiya, suka yaba da zaman garin, suka hau motarsu suka kai rijiya garin gaba, inda dattawa da farin gemu suka yi layi suna rantsuwa cewa Fulani na shirin ƙone su.

Me garin su Jatau ya saka masa da shi? Ya kira gayya, ba wanda ya zo. A masallaci a yi sallama, na damansa ya kau da kai. A rafi mata su riƙa yi wa Kande habaici, wai matar mai gaskiya, sha gaskiya ki ƙoshi. Mutanen da suke sahun gaba, su ne suka ƙi mutum don ya ƙi yin ƙarya. Wallahi abin nan yana ba ni haushi har yau.

Garin gaba fa? Rantsuwar dattawa ta kai kunnen makiyaya, ta kai kunnen 'ya'yan dattawan na cikinsu. Yaro ya ji ubansa ya rantse cewa wane maƙiyi ne, yaya zai san ƙarya ce? Da aka gama rijiya, samari suka tare mashaya, suka ce da bakin iyayensu aka samo ta, saniya ba ta sha. Aka daki wani, aka rama, aka fito da makamai. Kafin damina ta faɗi an binne mutane ta kowane gefe, gari ya watse. Rijiya na tsaye cikin kufai, ruwa garai-garai, ba mai sha. Baƙin suka komo da tantuna da shinkafa, suna mamakin abin da ya faru.

Waɗanda suka tsira, garin su Jatau suka gudo, domin nan ne kaɗai burtali da gona ba su yi gaba ba. Kuna tsammani wani ya je ya ce, Malam Jatau, ka yafe mana? Ko ɗaya. Har Allah ya ɗauki ransa Kande tana zuwa rafi da tulu, shi kuma yana zama wajen takalma.

To, jama'a, ga darasin a fili. Wanda ya sayar da sunan maƙwabcinsa don a ba shi agaji, 'ya'yansa ne za su biya da jini. Su ma masu agajin su ji: in ba ku san ƙofar gari ba sai ya yi hayaƙi, kuna koya wa mutane kunna wuta ne. Amma kada mu fake da su. Ba su suka rantse ba, mu ne. Gobe in baƙi suka zo unguwarku da tambaya, ka faɗi yunwarka, ka faɗi ƙishinka, kada ka ƙaga wa kanka maƙiyi. In kuma wani a cikinku ya tashi ya faɗi gaskiya aka rasa rabo, kada ku bar shi ya nome gonarsa shi kaɗai. Allah Ya ba mu ikon gyarawa.