Jirgin da Ya Huje a Filin Ƙwallo

An yi wani mutum a garin nan namu, dillalin kifi ne a tashar jiragen ruwa. Na ga wasu sun fara karkato kunne don su ji sunansa. Ku gyara zama, ya 'yan'uwa, ba za ku ji shi daga bakina ba. Mu dai ce da shi Jilali.

Jilali bai tashi a ɓarawo ba. Wannan ku riƙe shi da kyau, don shi ne abin tsoron. Masu jirage kan ba shi sardin akwati-akwati da safe, ya sayar, ya kawo musu kuɗinsu bayan la'asar, ba shaida ba rantsuwa. Dillali ba shi da jirgi, ba shi da koma. Jarinsa ɗaya ne, a ce in ka ba wane kaya ka je ka yi barcinka.

Lokacin da aka haife shi mahaifiyarsa ta kwanta ciwo mai tsawo. Maƙwabciyarsu, Lalla Mbarka, ita ta ɗauke shi ta haɗa shi da ɗanta Abdulkabir, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Shi ya sa ya tashi yana kiranta Mmi, wato uwata. Nono ɗaya suka sha, tare suka yi ta haura katangar filin wasa suna shan dukan masu gadi. Da suka girma Abdulkabir ya bi teku, Jilali ya tsaya a gaɓa yana sayar da abin da ɗan'uwansa ya kamo.

Wata shekara, cikin tsananin sanyi, jirgin su Abdulkabir ya fita da mutum ashirin da wani abu bai dawo ba. Ba gawa, ba likkafani, ba kabari. Kun san zafin wannan. Uwar da ɗanta ba shi da kabari ba ta ma san inda za ta fuskanta ta yi kukanta ba.

A wannan shekarar ƙungiyar ƙwallon garinmu ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar kofi, kuma a gida za a buga. Ban zo yi muku fatawa a kan ƙwallo ba, na san rabinku da an idar da salla can hankalinku zai koma. Amma kun san al'adar samarinmu na bayan raga. A ajiye kwali mai launi a kan kowace kujera, in aka buga ganga kowa ya ɗaga nasa, sai dubban kwalaye su haɗu su zama hoto guda. Wanda ake kira Ba Miludi, tsohon da ya yi furfura yana buga musu gangar nan, ya ce hoton bana na jirgin da bai dawo ba ne. Ya ce samari su ɗaga teku da sararin sama, amma jikin jirgin, iyaye da mata da 'yan'uwan waɗanda suka tafi su za su ɗaga shi da hannunsu.

To, sai maganar tikiti. Tikitin da a da kuɗin farantin sardin da burodi ke saye, yanzu sai masunci ya ba da guminsa na kwana biyu. Masu ƙungiya sun ce 'yan wasa sun yi tsada. Ga shi a waya ake sayarwa, kafin tsoho ya gano inda zai danna sun ƙare, da yamma kuma sai ka gan su a hannun 'yan kasuwar bayan fage sun ninka. Duk da haka mutanen nan suka ce sai an yi. 'Yan dako suka ba da nasu, matan da ke ɗinkin koma suka kwance bakin mayafi, aka tara dirhami kan dirhami har aka sayi kujeru kusan ɗari biyu a wuri guda. Wa za a ba ajiyar tikitocin ya raba wa iyalan? Ba a ma yi gardama ba. Wa ya fi Jilali amana, wa kuma ya fi shi kusa da mamatan?

Kwana biyu bayan haka yana zaune a gidan gahawa, sai wani ɗan bayan fage mai suna Hammadi ya ja kujera ya zauna ba gayyata.

"Si Jilali, an ce yanzu kai ne bankin marayu. Allah ya ƙara girma."

"Hammadi, tashi ka ba ni wuri."

"Haba ɗan'uwa, tambaya ce kawai. Tsofaffin nan me suka sani a ƙwallo? Na rantse tsohuwa irin Lalla Hadda in ta ga mai tsaron gida cewa za ta yi limaminsu ne, tunda shi kaɗai rigarsa daban. Kai su za ka yi cikin turmutsitsi a tattake su? Ga mutanen babban birni can suna neman kujera ko nawa ce."

"Hoton kuma fa?"

"Hoto! Kwali ai a kan kujera yake. Ko jaki ka zaunar, in ya ga na kusa da shi ya ɗaga, zai ɗaga. Wa ke ƙirga fuska a bayan kwali?"

Jilali ya ce a'uzu billahi. Ya faɗa da ƙarfi, har na teburin gefe suka waiga. Amma bai tashi daga teburin ba, ya 'yan'uwa, kuma ya bari Hammadi ya biya masa kuɗin shayi.

Tikitin marasa lafiya ya fara sayarwa. Ya ce wa ransa, wane yana kwance, wance ƙafa ta hana ta tafiya, kujera ta zauna banza ai asara ce. Daga nan ya koma kan na 'yan ƙauye, ya ce wa ya sani ko za su zo. Kowace safiya farashi ya hau, kowace safiya zuciya ta kawo masa sabuwar hujja, kuma zuciya ba ta rasa hujja in ta ga kuɗi. Tikitin Lalla Mbarka da na 'ya'yanta mata kuwa ya ware su ya sa a aljihun ciki. Ya ce waɗannan ko duniya za a ba shi ba zai sayar ba. Duk sanda ransa ya sosu sai ya dafa aljihun, ya ji shi har yanzu mutumin kirki ne.

Iyalan da suka zo karɓa ya ce musu, "Ku bar su a wurina kada su ɓata. Ranar wasa ku jira ni a ƙaramar ƙofa ta wajen teku." Dabararsa ita ce ya kashe waya, daga baya ya ce fili ya cika an rufe ƙofofi da wuri, abin da aka saba gani a kowane babban wasa. Hoto zai fito cif, laifi ya hau kan masu gadi.

Ciniki ya hana shi zuwa taron ƙarshe na magoya baya. A taron nan ne Ba Miludi ya ce, "Kwalayen jikin jirgi kada a ajiye su a kujera. A kai wa kowa nasa gida, ya rubuta sunan mamacinsa a baya, ya zo da shi a hannu, ya koma da shi ya ajiye." Aka bi gida-gida aka raba. Ghita, matar Jilali, ta so ta ba shi labari. Ta ce, "Ka ga abin da aka kawo wa Mmi Mbarka kuwa?" Ya ɗaga mata hannu, waya a kunne, ya ce, "Daga baya, Ghita."

Da safiyar wasa wani mai motar alfarma ya taya tikitocin ƙarshe da kuɗin da Jilali ba ya samu a wata guda, ya kuma ƙara masa da kujera a rumfar manya. Jilali ya sa hannu a aljihun ciki. Ina rantsuwar? Ina nonon? Ya ce wa kansa tsohuwa ce, hayaniya za ta tayar mata da hawan jini, taimakonta ma ya yi.

Ku dubi ikon Allah. Duk rayuwarsa a bayan raga yake kallo, inda mai ɗaga kwali ba ya ganin hoton da yake ciki. Ran nan kaɗai ya zauna a inuwa, a wurin da komai ke fitowa sarai.

Fili ya cika maƙil. Ba Miludi ya saukar da gula a kan ganga. Teku ya tashi shuɗi, sama ta tashi fara, ga tutar jirgi, ga igiyoyinsa. Amma a tsakiyar jikin jirgin sai ga wani ƙaton huji. Baƙi ne zaune a wurin da riguna iri-iri, hannu wayam, suna ɗaukar hoto da waya suna waige-waige, ba su san su ne hujin ba. Jirgin da teku ya haɗiye, ga shi an sake huda shi a gaban gari duka.

Ganga ta tsaya. Ba wanda ya tambayi wa aka ba ajiyar kujerun nan, don kowa ya sani. Na kusa da Jilali, wani mai ƙamshin turare, ya taɓa shi ya ce, "Malam, mutanenku ba su iya tsari ba, dubi yadda suka ɓata abin."

A waje kuwa, a ƙaramar ƙofa, iyalan suna tsaye cikin rana tun azahar, kowa rungume da kwalinsa. Da Lalla Mbarka ta ji bugun gangar ta ce, "Lokaci ya yi." Ta ɗaga nata sama da hannu biyu. Wani mai gadi ya ce, "Lalla, ki sauke, ba mai ganinku a nan." Ta ce, "Ɗana, wanda muke so ya gani yana gani." Sauran suka ɗaga nasu, suna fuskantar bangon siminti.

Labari ya kai wa Ba Miludi. Ya saɓi gangarsa ya nufi ƙofa. Samari suka bi shi layi-layi da kwalayensu, mutanen da suka yi azumin sigari da nama don su sayi tikitin nan, suka bar wasan da suka shekara suna mafarkinsa. A kan titi suka kewaye iyayen, aka sake buga ganga, aka ɗaga jirgin cikakke, uwaye a tsakiya. Ba kyamara, ba rumfar manya. Wanda ya ga wannan bai yi kuka ba, to, ya binciki zuciyarsa.

Samari suka so su nemo Jilali. Ba Miludi ya ce, "Kada wanda ya taɓa shi. Hannun da ya ɗaga sunan mamaci yau ya fi ƙarfin wannan aikin." Kuma ba a taɓa shi ba. Da dukan aka yi masa da ya fi masa sauƙi.

Ran Litinin ya je tasha. Mai jirgin farko ya ce kifi an sayar. Na biyu ma haka, alhali ga akwatuna a jibge. Ya fito da kuɗi hannu, wani tsohon matuƙi ya ce, "Mayar da su aljihu, Si Mai Huji, jirgina bai iya iyo da rami ba." Sunan ya bi shi. In ya shiga gidan gahawa hira ta mutu. Hammadi ma da ya hango shi sai ya tsallaka titi. Ghita ta haɗa kayanta ta koma gidan mahaifinta, ta ce ba za ta iya haɗa ido da matan unguwa a gidan burodi ba. Ya kwashi kuɗin duka ya kai wa Ba Miludi. Tsohon ya ce, "Ba kuɗi muka ba ka ajiya ba, Jilali. Rana muka ba ka. In kana da ita, dawo da ita."

A ƙarshe ya je ƙofar Lalla Mbarka ya durƙusa. Ya hangi kwalin a jingine a bango, da sunan Abdulkabir cikin karkataccen rubutu irin na wadda ba ta saba riƙe alƙalami ba.

"Mmi, ki yafe mini."

Ta ce, "Nonon da na ba ka na yafe, ban ba ka don ka biya ba. Tsayuwar da na yi a rana ma na yafe. Amma kujerar nan ba tawa ba ce, ɗana, ta ɗan'uwanka ce. Je ka roƙe shi."

Ina zai same shi? Waɗanda ke fita kamun safe sun ce sun sha ganinsa zaune a kan duwatsun bakin tasha, yana kallon ruwa, bakinsa na motsi. Daga baya ya bar garin, ba wanda ya raka shi tashar mota.

Ya 'yan'uwa, me ya kai Jilali ƙasa? Tsadar tikiti? Tsadar gaskiya ce, kuma waɗanda suka mayar da farin cikin talaka haja, na cikin ofis da na bakin ƙofa, kowa zai amsa tambayarsa. Amma tsadar nan ta sami 'yan dako ma, ta sami matan koma, su sai ta sa suka kwance mayafi. Shi kuwa ta same shi da amana a hannu, ya dube ta ya ga riba. Ya dogara da cewa ba mai ƙirga fuska a bayan kwali. Ya manta da Wanda ke ƙirgawa.

Kowannenmu akwai abin da aka ba shi ajiya, kuma kowannenmu yana da aljihun ciki da yake dafawa ya ce ai ni ban kai can ba. Jilali ma haka ya ce, har safiyar da ya kai. Ku tashi daga teburin tun kafin a biya muku shayi. Wanda kuma ya san akwai haƙƙin wani a wuyansa, kada ya jira Juma'a mai zuwa. Ƙofar tuba a buɗe take, amma ka mayar da haƙƙi yau, tun mai shi yana da bakin da zai ce na yafe.

Allah ya jiƙan waɗanda teku ya riƙe, ya ba iyayensu haƙuri. Wanda ya zame, Allah ya ba shi ikon tuba. Mu kuma Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya kiyaye mu da ranar da za a ɗaga komai sama a ga hujin da muka bari. Amin.