Yaɓen da Ya Shanye Gishiri

Akwai wani magidanci da ya gaji zaure daga kakansa. Zaure ne na tubali da azara, babu ginin da ya kai shi tsufa a garin, kuma a cikinsa ne masu bi na farko suka fara durƙusawa addu'a tun ba a gina majami'a ba. Baƙo ba ya barin garin sai an kai shi ya gani.

Amma ƙasar wurin mai gishiri ce. Da damina gindin bango ya sha danshi, da rani danshin ya fita ya bar wani farin gari kamar an barbaɗa kanwa. Yaɓe yana ɓamɓarewa, awakin unguwa suna ta lasa. Abin ya ishi mutumin. Baƙi su zo kallon tarihi, su tarar da bunsuru yana lasar tarihin! Ya tashi a fusace ya sayo siminti, ya shafe gindin bangon ciki da waje har iya ƙugu, ya bi da fenti. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Kai, zaure ya zama ango."

Ban da gwaggonsa, tsohuwar da tun tana budurwa take kwaɓa ƙasar yaɓen zauren nan. Ta dafa sanda ta ce, "Ɗan nan, ka toshe masa hanci. Ta ina zai yi numfashi?"

Ya ce, "Gwaggo, bango ne fa, ba saniya ba."

Ta yi gaba abinta.

Damina ta zo ta wuce. Farin garin ya sake fitowa, wannan karon a saman simintin, yana hawa wajen azara, domin danshin da aka hana fita ta ƙasa ya nemi sama da gishirinsa. Wata safiya mutumin ya ƙwanƙwasa bangon, ya ji yana amsawa kamar ganga. Ya ƙara bugawa, sai wani ɓangare ya faɗo. Ya zura hannu a ramin, ya shige har gwiwar hannu. Tubalin kakansa ya zama gari a bayan fenti.

Mai unguwa ya zo ya duba, ya ce, "Nan hanya ce, mata da yara ke bi. In ruwan farkon damina ya samu bangon nan a haka, rushe shi za mu yi."

Mutumin ya tafi wurin tsohuwa jikinsa a sanyaye, ya tsugunna. "Gwaggo, na yi ɓarna."

"Au, saniyar ce ta fara tari?" Ta bar shi ya gama jin kunyar, sannan ta ce, "Je ka ɓamɓare simintin nan kaf. Inda tubali ya mutu ka sa sabo. Ruwan wanke-wanken da matarka ke zubarwa a gindinsa, ka sauya masa hanya. Sai ka ɗebo jar ƙasa daga tudu, ka kwaɓa da ƙaiƙayi, ka yaɓa da kauri. In ya yi fari, ka kankare ka kai bayan gari. Kada ka bar ko dunƙule a wurin. Ka sake yaɓa wani."

"Haba Gwaggo! In sha wahalar yaɓe don ya lalace?"

"Don ya lalace mana. Gishirin nan sai ya ci wani abu. Ka zaɓa, yaɓen ko zauren."

Ya koma ya yi yadda ta ce. Bango ya tsaya tsirara, ramuka a fili, waɗanda suka yaba masa jiya suna dariya: "An tuɓe ango a bakin hanya!" Ya cije. Ya yaɓa, ya yi fari fat, ya kankare, ya loda wa jaki. Ya sake yaɓawa, farin ya ragu. Haka ya yi ta yi har gabas ta fara duhu da hadari.

Ranar da yaɓen ƙarshe ya bushe ja wur, tsohuwa ta ɓanto ɗan gutsure ta miƙa masa. "Sa a harshe."

Ya sa. Ya tauna, ya sake taunawa. "Gwaggo, ƙasa ce. Ƙasa zalla!"

Ya zauna daɓas ya jingina da bangon, yana dariya hawaye na zuba. Mai unguwa ya zo ya bubbuga ko'ina da sandarsa, ya ji tauri, ya ce a bar zaure. Ruwan farko ya sauka, suna cikin zauren a zaune.

To, ga ma'anar wannan misali, kuma kada wani ya waiga ya kalli maƙwabcinsa, da kai nake. Zauren nan ranka ne. Gishirin zunubi ne, ba wanda ake yi a kasuwa kowa ya gani ba, wanda ke tasowa daga ƙasa a hankali: ƙullin da ka riƙe wa ɗan'uwanka, ƙaryar da ka saba da ita har ka daina jin ɗacinta. Simintin kuwa mun san shi sarai. Babbar rigar Lahadi ce, da "lafiya lau" da muke amsawa alhali ciki ya zama gari. Na ga mutane da yawa masu sheƙi, rana ɗaya suka zube, aka yi ta salati ana cewa ba zato. Ina ba zato? An daɗe ana ci, rufewa aka yi.

Ɓamɓarewa ita ce tuba da furta laifi. Da kunya, ba zan ɓoye muku ba, kuma za a yi dariya. Amma ku dubi yaɓen nan, ƙasa mai kyau wadda ba ruwanta da gishiri, aka manna ta a jikin bango mai ciwo don ta shanye ciwon, ta lalace, a fitar da ita bayan gari. Abin da Yesu Almasihu ya yi mana ke nan. Ba mu muka tsotse zunubinmu ba, ba za mu iya ba. Shi ya ɗauka a jikinsa, aka fitar da shi bayan gari, mu muka tsaya.

Saboda haka wanda ya ƙwanƙwasa zuciyarsa yau ya ji tana amsawa kamar ganga, kada ya firgita, kada kuma ya je neman fenti. Ba a rushe ka ba tukuna. Ka buɗe wa Ubangiji ramin, ya sa hannu.